Na Ɓare wa Matata Jatan Lande a Gaban Mahaifinta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana, duk da na san 'yan unguwarmu ta Taman Melati za su gane ni kafin su kai ƙarshe. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu suka rage mini.

Ni ɗalibi ne a shekara ta uku ta digirin digirgir. Matata ta gama digiri na biyu, an kuma ba ta gurbin ci gaba a nan ƙasar 'yan Malay. Iyayenta sun zo daga Kano don bikin yaye su, zuwansu na farko ke nan. Baba mutum ne mai kamewa, shekara biyar da aurenmu ban taɓa cin ko dabino a gabansa ba. Tun da suka sauka a gidanmu, a ɗaki ake kai masa abinci, ni kuwa a kicin nake ci a tsaye. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ban san kunyar surukai ba.

Bayan biki na ce bari in kai su tsibirin Pangkor mu yi kwana biyu, domin Hajiya, mahaifiyarta, ta ce ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Sati biyu ina shiri, na nemi otal kusa da masallaci, na duba lokacin jirgin ruwa, har maganin amai na saya. Abu ɗaya ne bai zo mini a rai ba, wato yadda za mu zauna cin abinci.

Rana ta biyu bayan azahar muka je kedai, wato gidan abinci, na wata dattijuwa 'yar Malay, dab da inda jiragen masunta ke tsayawa. Mutum zai zaɓi kifinsa a kan ƙanƙara, a gasa masa a ganyen ayaba. Jirage sun shigo ba da jimawa ba, wuri ya cika, tebur ɗaya zagayayye ya rage. Na roƙe ta a raba mu biyu, ta yi dariya ta ce tak boleh, wato ba zai yiwu ba, wai iyali ɗaya tebur ɗaya. Na yarda a nan ya kamata in ce a yi mana tapau, wato a ƙulle mana abincin, mu koma otal, wannan kuskurena ne, ban musa ba. Amma Baba ya riga ya zauna, ni kuma na kasa ce masa ya tashi.

Na ƙudurta ba zan ci ba, shayi kawai na karɓa. Sai aka kawo jatan lande da ɓawonsa. Matata tun safe ba ta sa komai a cikinta ba, ga shi tana shayarwa, jaririyarmu ta yi barci a kafaɗarta, hannu ɗaya ya rage mata. A gidanmu shekara uku ke nan, wanda hannunsa yake sake shi ke yi wa ɗaya. Wallahi ban ma yi tunani ba, na ja farantin na ɓare kamar bakwai na zuba mata. Har na dangwali yajin na ɗanɗana, saboda tana da gyambon ciki. Mai kedai ta gani, ta tafa hannu, ta ɗaga wa Baba babban yatsa tana cewa ya yi dacen suruki. Baba ya wanke hannu, ya fita ya tsaya yana kallon masu ɗinkin taru har muka gama.

Tun daga ranar, in na gaishe shi sai ya ce lafiya, ba ƙari. Bai ce mini komai ba, yayanta ya kira a Kano, shi kuma ya kira ni. Wai Baba ya ce ƙasar nan ta wanke mana kunya mu biyun, tunda 'yarsa za ta ci abin da miji ya ɓare mata a bainar jama'a, a gaban ubanta. Saboda haka ranar Alhamis za ta bi su gida da yarinyar, ta jira ni in gama. Sai dai idan na zo da dattawa biyu daga cikin 'yan uwanmu na nan, na durƙusa na ce abin da na yi rashin kunya ne, na kuma yi alkawarin ba zan sake ba. In ta tafi, rajista za ta wuce ta, gurbin ya tafi ke nan.

Ni ba malami ba ne, mai yiwuwa akwai abin da ban hango ba. Zan durƙusa, zan ba da haƙuri a kan tebur, a kan ɗanɗana yaji, a kan fitar da ya yi da yunwa. Amma ba zan kira ɓare jatan landen nan rashin kunya ba. Lokacin da aka yi mata aiki aka ciro yarinyar nan, babu gwaggo babu inna a ƙasar nan. Ni na dafa ruwan wanka, ni na dama kunu, ni na ba ta a baki ranar da ba ta iya ɗaga hannu. Da wannan hidimar ta rubuta digirin da suka hau jirgi suka zo yi wa murna. In guda bakwai ɗin nan rashin kunya ne, to shekara ukun duka rashin kunya ce, ni kuma bakina ba zai faɗi haka ba.

Matata ta ce in faɗa kawai, ai baki ne, suna tashi mu ci gaba da yadda muka saba. Na san tsoro ne ya sa ta faɗi haka, kuma karatunta ne a kan siraɗi, ba nawa ba, wannan yana damuna ƙwarai. Amma in yi wa dattijon da nake girmamawa alkawarin da na san gobe zan karya, a gaban shaidu biyu, anya wannan bai fi abin da na yi a Pangkor muni ba?

Hajiya kuwa, yau da safe ta aiko matata, wai in zan je kasuwa in sayo mata irin jatan landen nan, ta kuma ce a gaya mini ita ba ta iya ɓarewa ba. Na sayo, yanzu haka yana cikin firij, kuma Baba yana falo.

To jama'a, in nemo dattawan in faɗi abin da ban yarda da shi ba don karatunta ya tsira, ko in ɗauko faranti in ɓare wa Hajiya?