Lissafin Taurarin da Ka Tafi da Shi

Tudun Wada,
14 ga Maris, 1997.

Zuwa ga Yaya Ubale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya a can Ingila. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana leƙa gonarsa ta Ƙofa, ƙanwarmu Dije kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Mujallar da ka aiko wa Baba ta iso. Don murna ya tara dangi a tsakar gida, ya sa aka kira ni daga makarantar da nake koyarwa, ya ce in fassara musu abin da ɗansa ya gano. Ina buɗewa, Yaya, sai na ga aikina. Haka na daure na yi musu bayanin yadda babban gungun taurari ke fizgar ƙaramin da ke kewaya shi, har taurarinsa su zube su miƙe kamar rafi, da yadda ake sa kwamfuta ta kwaikwayi abin. Kawu Ɗahiru ya tambaye ni yadda aka yi na gane da sauri haka. Na ce masa karatu ne, na tashi na shige ɗaki.

Shekara biyu na yi a kan lissafin nan a jami'a, ina bin layi don in samu awa ɗaya a kwamfutar sashenmu, wuta ta ɗauke in koma farko. Da za ka tafi ka ce in ba ka faifan kwamfutar da aikin ke ciki, can akwai manyan injina, kuma sunanmu tare zai fito. Na bi shafukan mujallar nan ɗaya bayan ɗaya. Ka gode wa malaminka, ka gode wa matarka, har wadda ta buga maka takardu ka gode mata. Ni ko harafin sunana babu. Mantawa ka yi, ko ka ɗauka malamar ƙauye ba za ta taɓa gani ba?

To ka sani, akwai kuskure a lissafin da ya ba ka zane na uku. Bara na gano shi, na kuma gyara. Duk wanda ya maimaita aikin zai ci karo da shi. Gyaran yana hannuna, ba zan aiko ba sai ka rubuta wa masu mujallar, ka kuma rubuto wa Baba gaskiya da hannunka. Ni ce zan karanta masa.

Ka gaida Anti Asabe da yara. Inna da Kawu Ɗahiru suna gaishe ka.

Ni ce ƙanwarka,
Barakatu.