Ranar da Na Goya Ki a Keke, Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Mu nan Bunkure lafiya muke. An saki ruwa a kanal, alkama ta fitar da kai, jikokinki duk suna makaranta. Dalilin wannan takarda shi ne in yi miki maganar tafiyar nan tamu ta keke, wadda har kika bar duniya ba mu taɓa zama mun yi hirarta ba.

Kin tuna, shekarar da aka hana shigo da alkama daga waje ce, kowa ya koma nomanta. Da muka gama yanka, ni da abokaina malaman firamare muka shirya hawa keke mu bi ta Rano da Tudun Wada har duwatsun Riruwai, mu ga inda ruwan da muke noman rani da shi yake fitowa. Baffa Bala, ƙanen Baba, ya yarda zai bi mu a baya da a-kori-kurarsa ta ɗaukar tumatir, da durom ɗin ruwa da tayoyi da kayan faci.

Na daɗe ina juya yadda zan gaya miki. Tun ranar da babbar mota ta buge Yaya Habu a bakin titin Kura, da kwandon tumatir a bayan kekensa, ko ƙarar ƙararrawar keke ba kya son ji. Nawa ma a zauren Baffa nake ajiye shi. Ranar da aka kai Yaya Habu makwancinsa ban ga hawayenki ba. Kin yi ta zuba wa masu ta'aziyya ruwa, kina cewa sannunku. Sunansa kuwa dama ba kya faɗa ko yana raye, tunda ɗan fari ne. Yayanku kike cewa, ko wancan.

Kina tankaɗe na gaya miki. Ba ki ɗago ba. Sai da kika gama kika kaɗe rariya, kika ce, "Motar Bala akwai wurin mutum ɗaya?" Na ɗauka ban ji daidai ba. Kika ce rugar yayarki Dada tana bayan Doguwa, ido ya bar ta, kuma rabonki da ita tun kafin rasuwar. Baba ya dube ki, ya dube ni, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Haka muka tashi bayan asuba, mu a gaba muna bin gefen kanal, ke a gaban mota da ƙullin gari da kuka da daddawa a kan cinya. Abokaina da farko sun takura, ba mai iya yin waƙa ko zolaya. Tuwonki na ranar farko a gindin tsamiya shi ya sake su. Kafin mu wuce Rano kowa Inna yake ce miki, har da mai kawo miki ƙarar ciwon gwiwa, ki shafa masa man shanu kina masa faɗa.

Baffa ya ce mini ba ki taɓa kallon gari ko dutse ba, bayana kawai kike kallo. In babbar mota ta taho, sai ki dafe gaban motar da hannu biyu har ta wuce. In na yi nisa ki ce masa ya ƙara wuta, in ya matso ki ce zai taka ni. Ya ce bai taɓa ɗaukar fasinja mai wahala irinki ba, yana faɗa yana dariya.

A cikin dajin Falgore zafi ya yi mini yawa, na ga hanya tana rawa. Na sauka na zauna a bakin titi. Na tabbata za ki ce a ɗora keken a mota, tafiya ta ƙare. Kika fito, kika jiƙa gefen mayafinki kika ɗora mini a ƙeya, kika dama mini fura. Da na dawo hayyacina kika ce, "In za ka iya, tashi. Muna bayanka." Na san irin nauyin da maganar nan ta yi miki.

Bayan Doguwa muka bar kwalta. Hanyar rugar ta bi ta wani rafi da ya ƙafe, yashi zalla, Baffa ya gwada, tayar baya ta nutse, da ƙyar muka turo ta. Ya ce mota iyakarta nan. Wani makiyayi ya nuna mana dutsen da rugar take gindinsa, da nisa, ga ƙafarki mai kumburi. Muka yi cirko-cirko. Na fara cewa ko a aika a gaya wa Dada kin zo kusa.

Ba ki saurare ni ba. Kika zagaya kekena kina dubansa kamar saniyar da za a saya. Kika ninke zani kika shimfiɗa a kan kariyar baya, kika ce, "Riƙe shi da kyau."

Na tura ki muka haye yashin, sannan na hau. Ba ki da nauyi, Inna, abin ya ba ni tsoro. Hannunki ya damƙe rigata har wuyan yana shaƙe ni. Muka bi 'yar siririyar hanyar shanu tsakanin sabara da kargo. Can na ji riƙon ya sassauta. Sai kika yi magana daidai kafaɗata, a hankali: "Habu ya sha cewa zai goya ni zuwa wajen Dada. Ni na ƙi."

Ban taɓa jin sunan nan a bakinki ba sai ranar. Ban waiwaya ba, don na san ba za ki so ba. Na ci gaba da taka feda, hanya tana yi mini hazo-hazo.

Dada tana zaune a ƙofar bukka, ta gane ki da sallama kawai. Ta laluba fuskarki, ta ja ki ciki. Ni na jingine keke a gindin kaɗanya. Daga nan na ji ta yi miki ta'aziyyar da ba ta samu zuwa yi ba, na kuma ji kukanki, mai tsawo, irin na wanda ya daɗe yana jiran wurin yin sa. Ban matsa kusa ba, ban kuma tafi ba.

Da kika fito idonki ya yi ja, ƙwaryar nono a hannunki. Kika miƙo mini kika ce, "Sha, abokanka suna jira. Ka je ka ga duwatsun naka, in kun juyo ka zo ka ɗauke ni."

Na je na gani, Inna, ruwan ɗan ƙarami ne a can, yaro ma zai tsallake shi. Na so in gaya miki, amma da na dawo na tarar ke da Dada kuna dariya da Fillanci, sai na bar ku.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya miki shi. Allah ya haɗa ki da Dada da Yaya Habu a inuwa ɗaya, inda ba kunya tsakanin uwa da ɗanta. Mu kuma ya kyautata namu zuwan. Amin.

Ni ne ɗanki,
Isiyaku