Kada Ka Ba Da Majanyin

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randata lokacin bazara, kafintana mai ƙamshin sabon katako, maigidana kuma abokin faɗana,

Gaisuwa mai yawa daga zuciyar da ba ta kwana ko'ina ba sai a ƙofarka, ko da yake mai ita ta ƙetare teku. Ka yi haƙuri da karkacewar rubutun nan, a kan cinyata nake yin sa. A kan benci nake zaune, a ƙofar wani ofis, ina jiran a kira ni. Takardar ma ta zanen yara ce, a bayanta akwai kyanwa mai ƙafa shida.

Yau kwana goma sha ɗaya ban ji muryarka ba. Kwana goma sha ɗaya, ya hasken ɗakina! Ina kira, waya tana kuka har ta gaji. Ban ga laifinka ba, don ban manta abin da ka faɗa ranar ƙarshe ba: "Wata goma sha huɗu ina jira, kuma ban gaji ba. Amma ki faɗa mini ko akwai abin da nake jira. Ƙanwata ta shiga watanta. In ta sauka ba ki ce komai ba, zan kai mata majanyin, ni kuma in san inda na tsaya." Daga nan ka kashe wayar.

Ashe ka san na san bai ƙone ba. Majanyin nan mai ratsin shuɗi, wanda na goya jaririyarmu da shi har wata bakwai kafin Mai ita Ya karɓi abarsa. Ranar da na ce ka ƙone shi, na ce bayana ya gama goyo har abada, ka ce to. Bayan sati biyu na gan shi a naɗe a ƙasan akwatin kayan aikinka, ƙarƙashin zarto. Kai da ba ka iya ɓoye ko ƙosawarka da miyata ba, kai ne za ka ɓoye mini majanyi? Na mayar da murfin na yi kamar ban gani ba. Da aka ba ni gurbin karatun nan kuwa, kowa ya ce ilimi na tafi nema. Ni da kai mun san gudu na yi.

Yanzu ga abin da na ɓoye maka. Duk Laraba da Asabar ina aikin sa kai a wani ɗakin renon yara, inda baƙi irina suke ajiye ƙananansu su tafi neman abinci. Wata ’yar ajinmu ce ta ja ni. A takardar shiga an tambaya ko ina da yara, na rubuta babu. Ɗaki ne mai ƙananan kujeru da ba su kai gwiwata ba, da ƙugiyoyin rataye riguna a jere, kowace da hoton dabba a kanta. Shugabar wurin, wadda na laƙa wa Uwar Makullai saboda tarin da take ratayawa a wuya, ta karanta mana dokoki tun ranar farko. Ba a ɗaukar yaro, ba a ɗora shi a cinya, ba a ba shi abin da ba uwarsa ta kawo ba. In ya yi kuka, ka durƙusa ka lallashe shi da baki. Sauran suna gunaguni, ni kuwa dokar ta yi mini daidai. Na samu inda zan ji ɗumin wuta ba tare da na taɓa ta ba.

Akwai wani yaro da bai cika shekara uku ba, muna ce masa Ɗan Takalmi, don kullum sai ya cire ƙafa ɗaya ya rungume a ƙirji. Babu mai jin yarensa a cikinmu. Uwarsa wanki take yi a wani otal. Ranar Asabar aka riƙe ta a wurin aiki, yara suka watse ɗaya bayan ɗaya, ya ga ƙugiyoyi suna zama wayam. Sai ya fara. An kaɗa masa abin wasa, an yi masa waƙa, an durƙusa an yi magana mai taushi kamar yadda doka ta ce. Ina! Kukan ya kai inda murya take ɗaukewa, baki a buɗe, leɓe ya fara canza launi. Ya shiɗe a gabanmu, mu manya huɗu muna durƙushe muna kallo.

Wallahi ban yanke shawara ba. Na dai tsinci kaina a sunkuye, na cilla shi baya, na zare babban mayafina na ɗaure a ƙirji. Na shiga jijjiga shi ina zagaya ɗakin, ina yi masa ’yar waƙar nan da kake cewa ko tsohuwar ƙofa ta fi ni murya. Ya ja numfashi, ya yi ajiyar zuciya sau uku, takalmin ya faɗi ƙasa. Wani uba da ya zo ɗaukar ’yarsa ya ga an ɗaure yaro da ƙyalle, ya ɗauki hoto, ya kai ƙara. Aka dakatar da ni. Yau mutum uku za su zauna a kaina, kuma an ce takardar ƙarar tana iya kaiwa makarantarmu.

Za su tambaye ni dalili, zan kuma faɗa musu gaskiya. Amma yaya zan buɗe wa baƙi cikina kafin in buɗe wa mai shi? Saboda haka ka zauna, ka ajiye gudumar nan, ka ji abin da na haɗiye shekara biyu.

Kai ka ɗauka a hannun ma'aikaciyar jinya ’yarmu ta cika. Ba a can ba ne. A bayana ne, a bakin titi, lokacin da ka yi gaba kana tsayar da mota. Na ji sa'ar da ta daina nishi, na ji nauyinta ya canza, na kai hannu baya na taɓa ƙafarta. Ka waiwayo ka ce, "Ta yi barci?" Na ce maka e. Na ci gaba da jijjiga ta har asibiti, don muddin ban kwance majanyin ba, ba a tabbatar ba. Tun daga ranar na tsani bayana. Duk sanda ka yi maganar wata haihuwa, ba kai nake gudu ba, masoyina, wannan shirun nake gudu. Ta yaya zan sake ɗora amanarka a inda ta farko ta suɓuce ina ji?

To ranar Asabar, da yaron nan ya yi lakwas, shirun ya dawo. Ɗakin ya juya, na ce shi ke nan, na sake. Na daɗe kafin in iya kai hannu baya. Na taɓa ’yar ƙafar da ba takalmi. Da ɗuminta! Sai ga wani ɗan minshari a bayan kunnena, ga yawu yana jiƙa mini riga. Barci yake yi, barcin gaske irin na masu tashi. Na tsaya a tsakiyar ɗakin mutane ina kuka kamar ni aka manta ba a zo ɗauka ba.

Ka tuna ranar da ka kulle ƙofa don kada maƙwabta su gani, ka ce sai ka gwada goyo? Ka ɗaure majanyin a ciki kamar mai shirin kokawa, ’yarmu tana ta ƙyalƙyata dariya tana jan kunnenka, ni ina tallafe da ita ta baya. Shekara biyu na hana kaina tuna wannan. Tun Asabar kuwa shi nake gani ko na buɗe littafi.

Yanzun nan uwar yaron ta iso da kayan aikinta a jiki, ta zauna kusa da ni. Ba mu da kalma ɗaya da muka haɗa. Ta nuna ni, ta bubbuga nata bayan, ta gyaɗa kai. Ban sani ba ko hakan zai ishi mutum ukun nan. In sun kore ni, sun kore ni. Na karya dokarsu, ba zan yi musu ba. Ba su nake tsoro ba. Tsorona kada a ce ƙanwarka ta sauka jiya ko shekaranjiya, kada a ce ka riga ka buɗe akwatin. Shin ta sauka? Shin na makara, ya ruwan farkon daminata? Allah Ya sauke ta lafiya, ni da kaina zan aiko mata da sabo dal, har biyu in tana so. Amma ba wannan ba.

Ka tambaye ni ko akwai abin da kake jira. Akwai. Ban ce tsoro ya tafi ba, yana nan zaune tare da ni a kan bencin nan. Wata goma suka rage in dawo, kuma ba zan ƙara ko kwana ɗaya ba. In Allah Ya ba mu, zan goya. In bai ba mu ba, zan zauna kusa da kai muna jira tare, maimakon in bar ka kana jira kai kaɗai.

Na ji ƙarar makullai, za a buɗe ƙofa. Zan ɗauki hoton takardar nan in turo maka kafin in shiga, kuma ba zan kashe wayar ba ko da doka ta ce a kashe. Ka ciro shi daga ƙarƙashin zarton nan kafin tsatsa ta ɓata shi. Ka wanke, ka shanya a inuwa, don rana tana cin shuɗin.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a kwance mini nawa ɗaurin a kabari,

Matarka, mai muryar tsohuwar ƙofa.