Waƙar da na ba Bukar

Diffa, daren Laraba

Bukar ya ci amanata. Mawaƙan rok na Ailan da nake so, masu jita da goge da wata irin algaita, shi kaɗai na tura wa waƙoƙinsu. Yau da la'asar a fada, wurin hirarmu da abokai, ana zagaye na biyu na shayi, sai ya kunna ɗaya ya ce, "Ku saurara, akuyar Turawa ce ke haihuwa!" Kowa ya fashe da dariya, ni kuwa na yi yaƙe.

Ba dariyar ce ta ƙona mini rai ba. Shekaranjiya a bakin kogin Komadugu, wannan waƙar ya sa na maimaita har sau uku, ya ce tana tuna masa da gidansu na Bosso. Ni na ga hawayensa, ban gaya wa kowa ba.