Kabejin Koriya Ya Jawo Min Gudummawar Doya

Yaya Ladidi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Baban Ummi da yara. Yaya sanyin Kanada? Ƙafar taki ta yi sauƙi? Mu nan Tunga lafiya lau, sai dai kunyar da nake ciki.

Tsimammen kabejin nan da maƙwabciyarki 'yar Koriya ta koya miki, na gwada shi yadda kika ce, da barkono da citta da tafarnuwa, na toshe a kwalba. Kin ce a sa a firij. To, wuta ta ƙi zuwa, ya yi ta tsima a zafin Minna.

Ranar Juma'a surukata ta zo daga Chanchaga, na ɗauko kwalbar don in burge ta. Ina buɗewa ya yi feshi, ya wanke mata mayafi, wari ya cika falo. Ta kalle ni, ta ce a hankali, "'Yata, abin har ya kai ku cin ruɓaɓɓen ganye, kika yi shiru?"

Na yi ta bayani, ta ce ta gane, asirin mijina nake rufawa. Washegari sai ga mai keke napep yana sauke doya da shinkafa a gaban maƙwabta. Ashe surukar tawa dangi ta bi gida-gida tana haɗa mana gudummawa. Maigidana Baban Sadik har yau bai kalle ni ba.

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe min da yara. Doyar muna ci, Yaya, amma wallahi da ƙyar take wucewa.

Ƙanwarki,
Hadiza