Ki Bari

Tafoki, watan Satumba

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal da ka ce ba ya ɗaukewa? Inna tana gaida Ɗanjumanta, ƙafarta da sauƙi. Na cikina ma yana gaisuwa, da shuri.

Yau ga ni da biro kamar 'yar firamare. Tun ranar da muke magana a waya layi ya yanke, bai dawo ba. Ashe hukuma ce ta kashe shi saboda 'yan bindiga, daga nan har Ƙanƙara har Sabuwa. Abdulganiyu direba ya ce zai miƙa wa masu motocin Kudu wannan takarda idan ya fita.

Maganarka ta ƙarshe tana nan a kunnena. Ka ce ka ji a rediyo masu bincike sun gano wani sinadari a cikin man rana, irin wanda nake shafawa, yana kwaikwayon sinadaran jikin mace, yana taɓa jijiyoyin jini, har da na cibiyar jariri. Sai ka ce, "Ki bari," sai ɗif. To, na bari. Na ƙulle kwalbar a leda na tura ƙasan adaka.

Ba sai na gaya maka ba, zabiya irina da rana ba shiri. Ban manta Yaya Mani ba, shi ma zabiya, da ɗan ƙurjin wuyansa da ya zama gyambo ya tafi da shi. Amma sau biyu hawan jini na ƙwace mana ciki. Yanzu duk abin da aka ce yana taɓa jijiya, ko zuma ce na haƙura. Ina da malafa, ina da riga mai dogon hannu.

Ɗakin nan ya yi mini girma. Ina kewarka, na faɗa ban ji kunya ba, tunda takarda ba ta kallon mutum.

Taka,
Rifkatu


Tafoki, ƙarshen Oktoba

Maigidana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka. Mu dai da godiya. Shiru ban ga amsa ba. Duk ranar da Abdulganiyu ya dawo sai in fita bakin hanya, shi kuwa tun daga nesa yake juya mini tafin hannu.

Auduga ta fashe, gonar bayan gari fari fat. Yaran da ke taya mu an kwashe su zuwa Funtuwa saboda tsoro, Inna ba ƙafa, don haka ni ke cira. Ina fita da sanyin safiya, amma ka san ranar kaka, kafin in cika buhu ta taso. Malafa tana kare fuska, ba ruwanta da mai sunkuyo. Ƙeyata ta yi ja ta saɓule. Matan majami'a har tsiya suke mini wai na zama tattasai. Na yi dariya tare da su, na dawo gida na yi kukana.

Akwai wani ɗan abu a saman kunnena na hagu. Yakan yi ɓawo, ya faɗi, ya sake yi. Inna ta shafa mini man kaɗe ta ce zafi ne. Ni dai ba na son kamarsa, don na taɓa ganin irinsa. Jiya har na buɗe adaka na riƙe kwalbar nan. Yaron ya motsa, sai na mayar. Kai ka ce in bari, kuma ba ka taɓa sa ni a hanyar banza ba.

Haba maigida, ko layi ɗaya ne ka rubuto mana! Ba ni da wanda zan tambaya. Hanyar awo ba ta biyuwa, kasuwar Yankara ma ba ta ci yadda ta saba, balle in ga wata mai irin fatata mu yi shawara. Daga ni sai rabin maganarka nake ta juyawa.

Ka yi mana addu'a. Inna ta ce ka rage cin barkono.

Matarka,
Rifkatu


Katsina, watan Disamba

Baban Kyauta,

Ka ga sunan da na kira ka, to ka gane. Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na sauka lafiya, mace, a gida, a hannun ungozoma. Inna ce ta sa mata Kyauta. Baƙa ce wuluk, kai ta biyo, har kunnuwan. Ungozoma ta ce ta daɗe ba ta yanke cibiya mai kauri irin tata ba. An binne cibiyar a gindin magaryarka.

Daga gadon asibiti nake rubuto maka. Kunnen nan ya buɗe yana jini, aka turo ni nan daga Ƙanƙara. Likita ya yanki kaɗan an duba. Irin na Yaya Mani ne. Ya ce an zo da wuri fiye da shi, za su cire saman kunnen, sauran kuma sai abin da aka gani. Ya ce irin wannan ciwo yakan daɗe yana taruwa, ba na kaka ɗaya ba ne, amma kakar nan ba ta taimaka ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

A nan akwai layi. Ina kunna waya saƙon muryarka ya faɗo, wanda ka tura ranar da muka yanke. Na ji ka kana cewa, "Ki bari in tambayi likita tukuna, kada ki daina shafawa." Wayyo Allah! Na saurara har batir ya mutu. Ashe bari na jira kake nufi, ni kuwa na ɗauki bari na dainawa. Na yi dariya har matar gadon kusa ta ɗauka na zautu, daga nan dariyar ta juye.

Wata malamar asibiti, Hajaratu, ta zaunar da ni. Ta ce binciken gaskiya ne, amma a ɗakin gwaji aka yi shi, a kan jijiyoyin cibiya da aka riga aka yanke. An ga sinadarin yana canja yadda suke matsewa da sakewa, sai dai har yanzu ana kan duba ko ɗan abin da mutum ke shafawa yana yin haka a jiki. Ta ce ga mai irin fatata, ranar ce tabbataccen haɗari. Kuma akwai wani man da ke zama a bisa fata, fari kamar alli, shi suka fi ba masu ciki. Ta ba ni ɗaya. Na shafa, na fito kamar wadda ta faɗa buhun gari.

Ban yi fushi da kai ba. Na yi ƙoƙari in yi, ya ƙi. Na san kuma takarduna ba su iso ka ba, da ka taho ko a ƙafa. Na ɗauki waya in kira ka, na ajiye. Takarda ba ta yankewa a tsakiyar magana, shi ya sa wannan zan sa Hajaratu ta ɗauki hotonta ta turo maka.

Za a shiga da ni aiki mako mai zuwa. Kyauta tana buƙatar hannun da zai riƙe ta, Inna kuwa ba ta iya tsayuwa. Don haka ni ma ga tawa. Gadin nan da kake yi a garin mutane, ka bari. Kada ka tsaya jiran ragowar maganar, babu komai a bayanta.

Kyauta tana gaishe ka.

Taka har kullum,
Rifkatu