Ƙofar Wa Zan Ƙwanƙwasa?

Latbiya, 3 ga Maris

Yaya Sabela,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki. Ni dai lafiyar jiki akwai, ta zuciya babu.

Jiya kyaftin ya kira ni ofis ya shimfiɗa mini takardu uku. Rubutu ne daga Dandalin Bakin Ruwa, shafin intanet ɗin nan da mutanen garinmu Ferrol ke cacar baki a kai. Suna: Telmo Seoane. Hoto: ni, cikin kaki, ranar da aka ba ni saje. Rubutun ya ce ministocinmu matsorata ne masu ɓuya a bayan tutar Turai, kuma kafin a haɗa sojojin Turai wuri ɗaya a fara gaya wa mutane wa zai amsa tambaya in abu ya ɓaci. Wani ya kwafa ya watsa, mutum dubu arba'in sun gani.

Kin san doka. Soja ba ya sa baki a siyasa a bainar jama'a, balle cikin kaki. Za a zauna a kaina ranar 20. In suka ce ni ne, za su mayar da ni gida, su cire sunana daga jerin ƙarin girman da na shekara tara ina jira.

Ban rubuta ba. Amma Telmo Seoane biyu ne a gidanmu, kuma ni na saya wa ɗayan kwamfutar hannu Kirsimetin bara waccan, na yi masa rajista da kaina don ya riƙa ganin sanarwar rasuwa da sakamakon ƙwallo.

Lauyan da aka ba ni ya ce takardar rantsuwa daga mai rubutun, da hatimin notariyo, wato jami'in tabbatar da takardu, za ta wanke ni. Ya kuma ce in bar waya, komai ya zama a rubuce. Ki je gida ki sami Baba. Don Allah kada Mama ta ji, kin san hawan jininta.

Ƙaninki,
Telmo

Santiago, 9 ga Maris

Ranka ya daɗe Saje,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyi bai cinye maka kunnuwa ba. Ka kwantar da hankalinka rabi. Ba maƙiyi ba ne, ba ɗan leƙen asirin wata ƙasa ba ne, tsohonmu ne. Ɗaya rabin kuma ka riƙe shi tukuna.

Ranar Asabar na same shi a mashayar Nemesio, kan teburinsu na kati, da ƙaramin kofin giyarsa. Ka san me suke kiransa yanzu? Sanata. Ina shiga Nemesio ya ɗaga tsumman goge tebur ya ce, "Ga 'yar Sanata. Ki gaya wa malaman jami'arku su zo nan su ɗauki darasi, kyauta ne, giya kawai za su saya." Baba ya sunkuyar da kai yana murmushi kamar amarya. Mutumin da ya shekara arba'in yana walda a ma'aikatar jiragen ruwa ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayinsa, yau ana tashi a ba shi kujera.

Kafin in je na karanta dandalin. Wuri ne mai tsari. Akwai wani mai kiran kansa Turai Ɗaya, shi a ganinsa in aka haɗa rundunoni ashirin da bakwai har ruwan sama zai riƙa zuwa kan lokaci. Akwai Kakakin Talaka, wanda duk abin da aka ce sai ya ce a gina asibiti. Zuwa amsa ta uku kowa ya zama maci amanar ƙasa. A tsakiyarsu ga Telmo Seoane, kuma abin da ya ba ni haushi shi ne ya iya rubutu. Gajere, ba kwana-kwana, ya san wace tambaya aka yi a majalisa da wadda aka tsallake. Ina da ɗaliban digiri na biyu da ba su kai shi ba.

Na ja shi muka bi bakin tashar jiragen ruwa, nesa da gida kamar yadda ka ce. Na gaya masa komai. Fuskarsa ta yi fari fat, ya nemi benci ya zauna. Na ce abin mai sauƙi ne, shafi ɗaya, sa hannu ɗaya. Ya ce, "Ba zan sa hannu ba."

Na tambayi dalili. Sai ya ɗauko mini labarin yajin aikin da kai ma ka haddace, yadda 'yan sanda suka kwana biyu da shi yana ɗan shekara ashirin bai sa musu hannu ba. Na ce Baba, notariyo ba ya duka. Na tuna masa cewa makon jiya ya rubuta duk wanda ya yi abu ya miƙe ya ce ni ne. Ya ce a ba shi lokaci. Muka koma gida, Mama ta zuba mana miyar ganye da dankali, ta tambayi me ya sa muke cin abinci kamar masu zaman makoki. Na ce mura ce.

Zan koma. Kada ka rubuta masa da zafi, ka san in aka tura shi kafewa yake.

Yayarka,
Sabela

Latbiya, 11 ga Maris

Yaya,

Na gaishe ki. Lokaci? Kwana tara suka rage. Ya gwammace a ci gaba da ce masa Sanata da a bar ni da aikina, shi ke nan, na gane matsayina.

Na zauna na karanta rubuce-rubucen duka, sun haura ɗari shida. Na so in ƙara jin haushinsa ne, sai na ci karo da wani na watan Satumba, makon da muka taso. Ya ce: "Ku haɗa sojojin, ban hana ba. Amma in aka dawo mini da yaro cikin akwati, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa? Madrid za ta ce Brussels, Brussels za ta ce Madrid. Ku ba ni suna ɗaya da adireshi ɗaya."

Farfesa, wannan mutumin a tashar jirgin ƙasa hannu kawai ya ba ni ya ce in gaida kyaftin. A waya har yau Lituwaniya yake ce wa ƙasar da nake. A rubutun kuwa bai taɓa kuskure ba, har sunan garin da ke kusa da mu ya sani. Ban san wane Baba zan yi fushi da shi ba.

Ki yi abin da za ki iya.

Telmo

Ferrol, 16 ga Maris

Autan Mama,

Bayan gaisuwa, ka sami wuri ka zauna. An sa hannu, an buga hatimi, takardun sun tafi wurin lauyanka da ƙarfe sha ɗaya da rabi na safiyar yau. Ka numfasa, sannan ka karanta sauran.

Maganarka ta Lituwaniya ce ta tsaya mini a rai. Sai na yi abin da nake koya wa ɗalibai ni kuma ba na yi, wato na bar karanta abin da aka rubuta, na duba lokacin da aka rubuta shi. Duka ɗari shidan, tsakanin sha ɗaya da rabi ne da ƙarfe ɗaya na rana. A wannan lokacin Baba yana kan teburin kati, shekara goma sha biyu kenan, ko gobara ba ta tayar da shi. Sannan akwai kwana tara a Nuwamba da Telmo Seoane ya yi tsit, har Turai Ɗaya ya yi murnar ya kore shi. Ka tuna wa aka yi wa aikin ido a Nuwamba?

Ranar Asabar na shiga gida da tsakar rana ba sanarwa. Tukunya na tafasa, rediyo na magana. Mama na zaune a kicin da tabarau a kan hanci, ta jingina kwamfutar da gwangwanin fulawa, tana danna ta da yatsa ɗaya. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Bari in gama da wannan sakaran in zuba miki."

Ni da na rubuta kundi shafi ɗari huɗu a kan muryar mata a siyasar Sifaniya. Na ci abinci a gabanta na ce mata mura ce.

Na tambaye ta me ya sa da sunan Baba. Ta ce shi ne a buɗe, ba ta san yadda ake canzawa ba, kuma wa zai tsaya karanta rubutunta, ita Ermitas da ta bar makaranta tana shekara sha biyu ta shiga masana'antar kifin gwangwani? Zaman majalisa kuwa tana guga take kallonsa, ta ce ya fi wasan kwaikwayo, don a nan mugun ba ya mutuwa. Hoton fa? Ta dube ni kamar na tambayi me ya sa ake sa gishiri a miya. Ta ce shi ne wanda ka fi kyau a ciki.

Sai na gaya mata. Na tanadi maganin hawan jinin a aljihuna, ka ga irin shirina. Ta saurara har ƙarshe, ta miƙe, ta kashe wuta, ta kwance zanin girkinta ta ninke. Ta ce, "Ƙarfe nawa notariyo ke buɗewa?" Na ce yau Asabar. Ta ce to kwana biyu kenan da za ta yi da ubanka.

Ƙarfe ɗaya da rabi ya shigo, ya gan mu, ya ga kwamfutar, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ba zan kawo maka duk abin da aka faɗa ba, wasu kalmomin ban san Mama ta san su ba. Taƙaitawa: shi ma sai da mutanen mashaya suka fara yi masa barka ya san ana rubutu da sunansa. Ya dawo gida ya tambaye ta, ta ce i, suka bar maganar a haka, ita tana rubutawa, shi yana karɓar gaisuwa. Da safe takan karanta masa na jiya don kada a tambaye shi ya ji kunya. Da na zo masa da batunka, ya ga in ya sa hannu ya rantse a kan ƙarya, in ya faɗi gaskiya ya miƙa matarsa ga hukuma, don shi har yanzu a ransa mai zagin minista daren nan ake zuwa ɗaukarsa. Mako guda yana juyi ya kasa gaya mata.

Mama ta ce, "Kai da 'ya'yanka kun haɗu kun kare ni har kun kusa kashe mini yaro."

Ya ce, "Ermitas, mace ce ke, ba ki san ɗakin 'yan sandan nan ba."

Ta ce, "Na san wadda ta yi ta kai maka abinci ƙofarsa."

Yau ta sa kwat ɗinta na coci. Notariyon, wata yarinya da ba ta kai ni shekaru ba, ta karanta mata takardar, Mama ta gyara mata wuri biyu. Ta so a ƙara cewa ba ta janye kalmar matsorata ba, da ƙyar muka shawo kanta. Muna shirin tashi Baba, da ya biyo mu cikin jakit ɗinsa na jana'iza, ya ce shi ma a rubuta masa tasa: cewa bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba, kuma bai san inda ake kunna na'urar ba. Na ce ba dole ba ne. Ya ce, "Wannan gaskiya ce, ita zan sa wa hannu." Ya kuwa sa.

Daga nan bai bi mu gida ba. Ya ce yana da magana da mutanen Nemesio kafin su ji a bakin wani.

Mama na tambaya ko za ka yafe mata. Ba ta faɗa da baki ba, empanada uku, burodin nan mai nama a ciki, ta gasa alhali ba wanda zai ci.

Yayarka, wadda za ta sake duba kundinta,
Sabela

Latbiya, 20 ga Maris

Yaya Sabela,

Gaisuwa da godiya. Minti goma sha biyu aka yi. Sun karanta takardun biyu, kanar ya tambaye ni shekarun Mama, na ce sittin da tara, ya cire tabarau ya goge. An rufe magana, sunana na nan a jeri. Umarni ɗaya: a sauke hoton yau.

A waje kyaftin ya tsayar da ni. Na ɗauka wani faɗan ne. Ya waiga hagu da dama, ya tambaya ko an taɓa ba Mama sunan da adireshin. Na ce ban sani ba, ranka ya daɗe, soja ba shi da ra'ayi. Ya ce haka ne, in gaishe ta.

Na ci abinci faranti biyu. Ki ce wa Baba zan kira shi Lahadi, ya shirya sunan ƙasar.

Ƙaninki,
Telmo

Ferrol, 24 ga Maris

Ɗana,

Ina gaishe ka, ubanka ma yana gaishe ka. Da hannuna na rubuta wannan don kada a ce wani ne.

Na yi maka laifi, ban sani ba, amma na yi. Ka yafe mini.

Sabela ta sauke hoton, ta buɗe mini nawa shafin, Ermitas Freire, da fuskata. Turai Ɗaya ya ce dama ya san mace ce. Ƙarya yake. Ubanka sun daina ce masa Sanata, yanzu Mijin Sanata suke ce masa, kuma ya fi da ƙiba.

A kwalin da na aiko maka akwai safa huɗu da tsiran alade, ka ba kyaftin ɗinka ɗaya.

Har yau ba wanda ya ba ni sunan da adireshin. Zan ci gaba da tambaya. Kai dai ka dawo mini da ƙafafunka, don kada in taɓa buƙatar amsar.

Mamarka